Idan likitoci sun tafi yajin aiki, wa ya kamata mu tuhuma?

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a.

Na saurari shirinku na kiran waya a kan yajin aikin ma'aikatan lafiya, kusan duk wanda ya bugo sai Allah ya isa, marasa imani, kuɗi kawai suka sa a gaba, wani ma cewa ya yi a kore su duka a ɗauko wasu. Don Allah daga ina za a ɗauko su, bayan waɗanda muke da su ma kullum tafiya suke Saudiyya da Ingila?

Nima fa na yi wannan Allah ya isan. A watan Agustan 2021 lokacin da likitoci masu neman ƙwarewa na ƙungiyar NARD suka shiga yajin nan da ya kai wata biyu, ciwon sugan Baba ya tashi ƙafarsa ta kumbura har ta fara wari, muka saka shi a adaidaita muka nufi asibitin gwamnati, muka tarar da bencin da ake cika kullum babu kowa, sai wata nas ita kaɗai tana ta bamu haƙuri wai babban likita ɗaya ne ya rage kuma yana ɗakin tiyata. Ƙarshe asibitin kuɗi muka kai shi, sai da Umma ta sayar da tumakinta biyu da ɗan kunnen gwal ɗinta. Wallahi ranar har kuka na yi.

Abin da ya sauya min tunani ƙanwata ce da ta gama makarantar nas ta kama aiki. Dutin dare ita kaɗai a kan marasa lafiya wajen talatin, a ɗauke wuta ta kunna fitilar waya tana laluben jijiya za ta sa ƙarin ruwa, safar hannu ma sai 'yan jinya sun siyo, ta dawo gida ƙafa a kumbure ko abinci ba ta iya ci. Shekara da shekaru alawus ɗin haɗarin ma'aikatan lafiya naira 5,000 ne a wata, har korona ta zo ta same su a haka. A 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka sa hannu kan ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba, su kuma masu sa hannun ciwon kai kaɗan sai Landan. Kuma ba kullum ne kuɗi ba, yajin Agustan 2024 ai saboda likitar da aka sace a Kaduna aka yi shi.

Duk da haka ina roƙon ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya, ku ji tsoron Allah ku bar ɗakin gaggawa da ɗakin haihuwa a buɗe, naƙuda ba ta jiran a gama zama da minista.

Ku kuma Malam Edita, ai kafin ƙungiyoyin su tafi yajin aiki sai sun ba da wa'adi, wani lokaci har sati uku. A wannan lokacin ku gayyato jami'an ma'aikatar lafiya da ta ƙwadago, ku karanto yarjejeniyar da suka sa wa hannu layi-layi, a tambaye su wanne aka cika wanne ba a cika ba, mu ma a buɗe mana layi mu bugo.

Naku mai sauraro daga Zariya.