Kira ga masu shirya finafinan Hausa: a duba wani tsohon shirin BBC

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi tsokaci a kan wani tsohon shirin talabijin na ƙasar Ingila, domin ina ganin akwai abin da masu shirya wasannin kwaikwayo na Hausa za su ƙaru da shi, kuma amfanin zai iso har gare mu da muke renon 'ya'ya a Legas, inda yaro ke wuni yana jin Yarbanci da Turancin buroka a titi, in ya dawo gida kuma ya zauna gaban katun na Amurka.

A ranar 28 ga Disamba, 1966, BBC ta nuna Alice in Wonderland, wanda Jonathan Miller ya shirya daga littafin da Lewis Carroll, malamin lissafi a Oxford, ya fitar a 1865. Labari ne na wata yarinya da ta bi farin zomo cikin rami, ta faɗa duniyar da dabbobi ke magana, jikinta kuma ya riƙa girma yana ƙanƙancewa. Kamfanin Disney ya riga ya mai da shi katun mai launi tun 1951, amma Miller ya ƙi bin wannan hanya. Ya ɗauki shirinsa da hoto baƙi da fari, kuma bai sa wa manyan 'yan wasansa fuskar dabba ba. Zomon nan mutum ne cikin tufafin Turawan zamanin Sarauniya Victoria, haka ma kunkurun da John Gielgud ya fito a matsayinsa, dattijo ne kawai zaune a bakin teku yana tuna makarantar da ya yi da ƙuruciya. Peter Sellers shi ne sarki, kiɗan kuwa Ravi Shankar na Indiya ne ya tsara shi da tsirkiyarsa da ake kira sita.

Abin da ya fi kama ni shi ne wajen shan shayi. Mutane ne zaune a dogon tebur cikin lambu da rana tsaka, sai wani ya jefo magana marar kai, a yi shiru mai tsawo, wani ya gyangyaɗa, yarinyar kuma tana kallon gefe ba ta ko murmushi. Duk wanda ya taɓa zama cikin manya yana ƙarami, ana ta zancen da bai gane ba kuma ba shi da ikon tashi, zai san wannan zama. Manufar Miller ke nan, ya nuna yadda duniyar manya take zama kamar mafarki a idon yaro, kuma ya cim ma hakan da haske da shiru da kiɗa da fuskokin mutane.

A nan ne maganata take. Na sha jin ana cewa ba za a iya mai da littattafanmu na al'ajabi zuwa talabijin ba, wai aljanu da dodanni suna cin kuɗi, sai da kwamfuta da ƙwararru daga waje. Wanda ya gwada kuma yakan ƙare da hayaƙi da wutar da aka liƙa a hoto, abin da yaran yanzu ke yi wa dariya. Alhali muna da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, tafiyar Alhaji Imam daga gari zuwa gari shi da Malam Zurƙe suna yi wa juna ƙeta har ya kai ga ƙasar aljanu. Irin wannan labari bai buƙatar komai fiye da tsohon soro, da rairayin bakin kogi, da amon gurmi ko sarewa, da ɗan wasan da ya iya tsayar da fuska. NTA Kaduna ta taɓa nuna Magana Jari Ce, marigayi Ƙasimu Yero na ciki, kuma waɗanda suka kalla ba su manta ba har yau.

Sai dai ba na son a kwaikwayi Miller a komai. Shirinsa ya yi wa yara nauyi, har BBC ta ajiye shi sai bayan ƙarfe 9 na dare. Da na kunna wa 'ya'yana a waya nan gida a Agege, ƙaramar ta tashi tun kafin a yi nisa, babban ne kaɗai ya zauna yana tambayata dalilin da ya sa ba wanda ke sauraron yarinyar. Namu ya kamata ya riƙe ban dariyar Imam da zaƙin Hausarsa, domin yaran da ke tasowa a Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago sun fi kowa buƙatar su ji wannan harshe a bakin gwanaye.

Don haka ina kira ga tashoshin talabijin na Hausa da masu shirya finafinai na Kano da Kaduna da su nemi izinin masu haƙƙin littafin Ruwan Bagaja, su zauna da malaman adabi na jami'o'inmu, su gwada ko da kashi 6 na rabin awa, a riƙa nunawa da yammacin Asabar lokacin da yara ke gida.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Agege, Legas.