Wasiƙa zuwa ga abokina kan dashen ƙoda da sukarin jikinmu

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya kuma jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne. Saƙonka ya iso tun makon jiya, ka yi haƙuri da jinkiri, ban so in amsa maka da gaggawa ba ne tunda maganar ta shafi lafiyar Baba, kuma na san yadda zirga-zirgar wankin ƙoda sau biyu sau uku a sati take cin mutum da masu jinyarsa gaba ɗaya.

Ka ce ka ji wai an sa wa mutum ƙodar alade kana tambaya ko gaskiya ne. Gaskiya ne wallahi. A watan Maris na 2024 likitoci a asibitin Massachusetts General da ke Boston a Amurka suka dasa wa wani mutum mai rai ita, bayan an yi gyara guda 69 a ƙwayoyin gadon dabbar, ya yi kamar wata biyu sannan ya rasu. Wata mata kuma da aka yi wa a New York ta kai kwana 130 da ƙodar kafin jikinta ya fara ƙin ta a cire a Afrilun 2025, ta koma wanki. To ka ga ana matsawa amma har yanzu gwaji ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina, wanda kuma shi nake ta karatu a kai kwanan nan, shi ne cewa tushen wannan matsala ta jiki ya ƙi baƙuwar gaɓa, sukari ne. Ba na ciwon suga ba fa, kar ka haɗa. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana lulluɓe da wasu sarƙoƙi na sukari masu rassa, su ne kamar katin shaidarta, garkuwar jiki tana zuwa ta duba su ta gane wannan namu ne wannan baƙo ne. Alade yana da wani sukari da ake kira alfa-gal wanda mu 'yan adam ba mu da shi, kuma jininmu a shirye yake ya yaƙe shi, shi ya sa a da in an sa wa biri gaɓar alade cikin mintoci ko 'yan awoyi take lalacewa. Gyara na farko kuma mafi muhimmanci shi ne a kashe ƙwayar gadon da ke ƙera wannan sukarin.

Kai ko rukunin jinin da muke faɗa kullum, A da B da O, wanda Karl Landsteiner ya gano a 1901, bambancinsu ɗan guntun sukari ne guda ɗaya a bayan jajayen ƙwayoyin jini, A yana da nasa B yana da nasa O kuma babu ko ɗaya daga ciki. A 2019 masu bincike a jami'ar British Columbia ta Kanada suka samo wasu sinadaran inzayim daga ƙwayoyin bakteriya na hanjin mutum masu iya datse guntun nan su mayar da A ya koma O, sai kuma a 2022 aka gwada su a Toronto kan huhun da aka bayar amma ba a dasa ba, kuma ya yi. Ni a ganina wannan ya fi maganar alade kusa da irin su Baba, domin sau nawa za ka ga ɗan'uwa ya yarda zai ba da ƙoda a ce jini bai dace ba?

Ɗaya ɓangaren kuma kayan da ake haɗawa a sa a jiki su taimaka masa ya gyara kansa. Akwai wata fatar roba da Ioannis Yannas da John Burke suka ƙirƙiro don masu mummunar ƙuna, aka amince da ita a Amurka a 1996, kolajin ne, wato wani furotin da ke cikin fata, aka haɗa da wani dogon sukari irin na guringuntsi, a shimfiɗa kan ciwon, sai ƙwayoyin jikin mutumin su shiga ramukanta su zauna jijiyoyin jini su bi su, ita kuma ta narke a hankali. Haka hayaluronik asid da likitoci ke amfani da shi a tiyatar yanar ido da allurar gwiwa, shi ma sukari ne, tun 1934 aka fara fitar da shi daga idon saniya. Abin mamaki dangin wannan sukarin ne kuma ke taruwa a tabon laka in ta ji rauni ya hana jijiya sake tohowa, a 2002 an nuna a jikin ɓeraye cewa in an narkar da shi jijiyoyin suna ɗan farfaɗowa.

Fannin nazarin sukarin jiki ya daɗe a baya saboda sukarin nan wuyar karantawa gare shi, ba shi da rubutaccen tsari kai tsaye kamar DNA, sai da Carolyn Bertozzi ta samo hanyar liƙa masa alama a cikin ƙwayar halitta mai rai ba tare da an cutar da ita ba, abin da ya sa ta samu kyautar Nobel ta 2022 tare da wasu mutum biyu.

Don Allah in za ka ba Baba labarin nan ka faɗa masa yadda yake, kar ya ɗauka gobe ko jibi ne, kuma kar a tsallake wanki ko sau ɗaya. Ka turo min rukunin jininsa da abin da likitansa ya ce game da dashe, ina so mu zauna mu duba tambayoyin da ya kamata ku yi masa in kun koma. Ka gaishe min da shi sosai, da Mama da yara.

Naka har kullum,
abokinka