Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Walin (Gwamnan) Jihar Gadarif ta ƙasar Sudan kan filin ƙwallon harabar kanisa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni tela ne. Shagona yana kallon katangar wata kanisa, wato coci kamar yadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke cewa, a wata unguwa ta garin nan. A bayan ginin akwai fili, babu komai a cikinsa sai dalbejiya biyu da turakun gola da yara suka haɗa da tsohon bututun ruwa. Da an sallame la'asar sai ya cika maƙil: 'ya'yanmu na Hausawa, 'ya'yan Habashawa, 'ya'yan Nuba, da yaran da yaƙi ya koro daga Madani a ƙarshen 2023, sannan na Sinja da suka biyo baya a 2024. Lokacin da makarantu suka koma masaukin 'yan gudun hijira, filayensu suka cika da tantuna, wannan fili ne kaɗai ya rage wa yaran unguwarmu.

Yanzu dattawan kanisar sun sami mai taimaka musu, suna so su shimfiɗa ciyawar roba, wadda a nan muke kira najila, su yi ƙaramin fili na 'yan biyar-biyar. Sun rubuta takardar neman izini. Roƙona shi ne idan ta iso teburinka ka sa hannu, amma ka ɗaura musu sharaɗi.

Na san za a kawo maka maganar addini, don an riga an kawo ta a majalisarmu ta ƙofar masallaci. Wani dattijo ya ce, yaran Musulmi a harabar kanisa? Na ce masa, Baba, jikanka ne mai tsaron gola a can tun bara. Kuma mai gadin wurin, wanda Kirista ne, shi ke tafa hannu idan an kira magariba yana cewa su tafi salla, ya ɗauke ƙwallon ya sa a hammata har sai sun dawo. Daga kan keken ɗinkina nake ganinsa kullum.

Kwaɗon kulle ƙofa nake tsoro, ranka ya daɗe. Duk wanda ya zauna a Khartum kafin yaƙi ya san filayen hamasiyat, wato na 'yan biyar-biyar: da an shimfiɗa najila sai a zagaye da waya, a kafa fitilu, a ajiye yaro da littafi a bakin ƙofa yana karɓar kuɗin awa. Samari masu albashi su yi karo-karo su shiga. Yaron da ubansa ke yankan riɗi a gonar wani kuwa sai dai ya kama waya yana leƙe. Idan haka za ta kasance a nan, gara a bar mana ƙurarmu. Don haka a rubuta a cikin takardar izinin cewa daga la'asar zuwa magariba filin na yaran unguwa ne, kyauta, ba a tambayar kowa sunansa balle addininsa. Bayan isha'i a ba manya haya, 'yan kasuwa da direbobi, a tara kuɗin. Ranar Lahadi da safe a rufe, masu wurin su yi ibadarsu cikin natsuwa, haƙƙinsu ne.

Kuɗin hayar nan kuwa yana da aiki, domin najila ba ta dawwama. Shekara 8 zuwa 10 take yi idan ana kula da ita, daga nan sai a naɗe a sake sabuwa. Mai taimakon yau ba lallai ya dawo ba.

Sai batun ƙasa, wanda ka fi ni sani. Baƙar lakar Gadarif ita ta ba mu dawa da riɗin da ake tinƙaho da su, amma ba ta da amana ga gini. Da rani ta dare har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta sha ruwa ta kumbura. Dubi katangun garin nan, da wuya ka sami wadda ba ta tsage ba. Fili mai mita 40 tsawo da 20 faɗi, idan aka baje masa najila a kan wannan laka kamar dardumar ɗaki, damina ɗaya ta isa ta mai da shi tudu da kwari. Sai an kwashe lakar, an zuba tsakuwa hawa-hawa ana dannewa da injin, an fitar da magudanar ruwa zuwa kwata, ba zuwa gidan maƙwabci ba. A nan ɗan kwangila ke cin riba, don aikin yana ƙarƙashi, ido ba ya gani. A turo injiniya ya duba kafin a rufe.

Wani zai ce me ya hana a shuka ciyawar gaske. A garin da ake jiran ruwa daga tashar ruwa ta garin Shuwak, muke sayen ganga a wurin mai karo, wato amalanken jaki, wa zai shayar da fili safe da yamma? Robar ta fi mana. Sai dai ita ma tana da halinta. A watan Afrilu, da rana tsaka, samanta kan wuce digiri 60, yaranmu kuwa yawancinsu ba takalmi suke bugawa. Kada a sare dalbejiyar nan biyu don a faɗaɗa fili. Sannan baƙin garin da ake barbaɗawa a tsakanin ciyawar, tsofaffin tayoyin mota ne aka niƙa, yana ƙara zafi, yana bin ruwan sama zuwa kwata. A 2023 Tarayyar Turai ta yanke cewa daga 2031 ba za a ƙara sayar da shi a ƙasashenta ba, kuma mun san inda kayan da Turai ta ƙi suke ƙarewa. Akwai irin da ake cikawa da yashi zalla. A tambayi ɗan kwangilar wanne ya kawo, ya buɗe buhu a gani.

Idan hanya ta biyo da kai unguwarmu, ka zo bayan la'asar, ba sai da jiniya ba. Akwai benci a ƙofar shagona, daga nan ana hango filin gaba ɗaya, mai shayi kuma yana nan kusa.

Allah ya ja zamaninka, ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi.

Naka,
Wani tela, Gadarif.