Dandalin Karatu na Jami'a Ba na Lacca Kaɗai Ba Ne

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida taka in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana damuna. Ni malamin jami'a ne, kuma cikin aikina akwai duba ɗalibai masu rubuta kundin bincike.

A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe azuzuwa, jami'o'i a faɗin duniya suka rungumi dandalin karatu na intanet, wasu Moodle, wasu Canvas, wasu Blackboard. Da aka koma aji, a wurare da dama sai dandalin ya zama rumbun jibge takardun lacca, ɗalibi ba ya leƙa shi sai jarrabawa ta matso. Alhali an ɗauki ma'aikata domin kula da shi, an horar da mu, kowane ɗalibi kuma yana da suna da kalmar sirrin shiga. Wannan asara ce.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne wata ɗalibata mai digiri na biyu. Ta turo mini babi na uku ta WhatsApp, bayan kwana biyu ta sake turo wani ta imel, duk sunansu ɗaya. Na kwana biyu ina gyara, layi bayan layi, ashe tsohon nake gyarawa. Ranar da ta zo ofis ta buɗe takardar ta ga shafukan da ta riga ta cire su na cika da jan rubutu, sai ta yi shiru, idonta ya ciko da ƙwalla. Mako guda ya tafi mata a banza, kuma laifin ba nata ba ne ita kaɗai.

Daga nan na nemi a buɗe mini shafi a dandalinmu, wanda babu lacca ko ɗaya a cikinsa. Kowane babi na da gurbinsa da ranar miƙa shi. Ɗalibi ya ɗora, manhajar ta rubuta rana da lokaci, gyarana ya zauna a jikin wannan kwafin. Gardamar "Malam ai na turo" da "ban gani ba" ta ƙare. Abin da ban zata ba kuma, ɗaliban suka fara amsa wa juna tambayoyi a can, wanda ya wuce matakin tattara bayanai yana jan wanda ke baya. Ban yi mamaki sosai ba da na san cewa Martin Dougiamas, ɗan Ostireliya da ya fitar da Moodle a 2002, a ƙauye mai nisa cikin hamada ya tashi, ta rediyo ya yi karatun firamare. Wanda ya san zafin koyo shi kaɗai dole ya gina wurin da mutane za su koya tare.

Haka ma tarbar sababbin ɗalibai. Ana tara su a zaure rana guda, a zuba musu jawabai tun safe har la'asar, su fita ba su riƙe komai ba. Me zai hana ma'aikatan laburare su ɗora gajerun darussa kan neman littafi da guje wa satar fasaha, yaro ya koma musu ranar da ya buƙace su? Moodle na da tsarin da ke hana buɗe mataki na gaba sai an ci na baya, don haka ana iya cewa babu mai shiga ɗakin gwaje-gwaje sai ya ci gwajin kiyaye haɗari. Manhajarsa ta waya kuma tana barin mutum ya sauke darasi ya karanta ba tare da intanet ba. Horar da sababbin ma'aikata da takardun kwamitoci duk za su shiga.

Sai dai, Edita, ba komai zan yarda a kai can ba. Dandalin yana rubuta wanda ya shiga, da abin da ya buɗe, da lokacin da ya buɗe shi, masu kula da shi kuma suna iya ganin kusan komai. Maganar ladabtar da ɗalibi, ko rashin lafiyarsa, ko koken da ya kai kan malami, wannan amana ce, wurinta daban. Sannan jami'o'i kan share ko su rufe tsofaffin kwasa-kwasai bayan zangon karatu, kundin digirin digirgir kuwa yakan ɗauki shekara uku ko fiye. In ba a ware irin waɗannan shafuka ba, wata rana aikin wani zai bi ruwa.

Roƙona ga hukumomin jami'o'i shi ne su fitar da fom mai sauƙi na neman shafin da ba na koyarwa ba, a rubuta sunan mai alhakinsa, da waɗanda aka yarda su shiga, da ranar da za a sake duba shi. Ni dai na riga na buɗe wa ɗalibaina na bana nasu, babin farko zai fara shigowa ƙarshen wata.

Naka,
Wani malamin jami'a