Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Babagana Umara Zulum: A Rubuta Wa Yaranmu Labarin Halin Da Suke Ciki

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, ni malamin firamare ne a nan Maiduguri, aji huɗu nake riƙe da shi. Ba kukan albashi ko rufin aji na kawo ba. Maganar littafin labarin yara ce, ko da yake na san wani zai ce ana ta kai wa yake ta kaya.

Bayan madatsar Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumba 2024, ruwa ya shanye unguwar Gwange, ya shiga babbar kasuwa har da fadar Shehu. Da muka koma karatu, sai na ba yara aikin da muka saba: kowa ya rubuta jimla biyar a kan "Gidanmu". Wata yarinya ta riƙe fensir har aka kaɗa ƙararrawa, takardarta fara fat. Da na tambaye ta, sai ta ce, "Malam, wanne zan rubuta? Na Gwoza da Mama ke ba mu labari, ko tantinmu na Bakasi, ko wanda ruwa ya ci?" A sansanin 'yan gudun hijira na Bakasi ta yi wayo. Da aka rufe shi a 2021 suka kama hayar ɗaki ɗaya, shi ma ga yadda ta kaya.

Na koma na duba littattafan da muke karanta musu. Kowane yaro a ciki yana da gida da ƙofa, Baba yana dawowa daga ofis da tsaraba. Talaka kuwa hanya biyu yake fitowa: ko mai karɓar sadaka, ko ɓarawon da za a kama a shafin ƙarshe.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar wani yaro. Ranar rabon abinci, an yi kuskure an ba mahaifiyarsa kati biyu, tsohuwar da ke kwana kusa da tabarmarsu ba ta samu ko ɗaya ba. A idonsa aka yi. Uwar ta ce ya ja bakinsa, ga ƙannensa uku tun jiya ba su sa komai a ciki ba. Ya same ni bayan an tashi, yana murza bakin rigarsa, ya ce, "Malam, wannan sata ce? In na faɗa, na tona wa Mama asiri?" Wallahi na daɗe ban buɗe baki ba. An koya masa biyayya ga uwa, an koya masa haƙƙin maƙwabci, ba wanda ya taɓa gaya masa ranar da biyun za su yi karo. Bulala ba ta warware irin wannan, gajeren wa'azi ma haka. Labari ne ke zaunar da yaro kusa da wani yaro irinsa, ya ga ya zaɓa, ya ga abin da zaɓin ya jawo, har ya yi gardama da shi a zuci ba tare da an nuna shi da yatsa a aji ba.

Roƙona, Mai Girma, gwamnati ta sa gasar rubuta labaran yara kan iyalan da suka rasa muhalli, da Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa da Bura da Margi, a buga waɗanda suka yi fice, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ta raba su makarantu. Abin ba baƙo ba ne. Gasar rubuta labaran Hausa da Baturen nan jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933 littattafai biyar kacal ta fitar, ga shi shekara casa'in ana karanta su. Kuɗin da za a kashe bai kai na gina ɓangare ɗaya na manyan makarantun da ka gina wa marayu ba.

Sai dai a kiyaye. Kada a mayar da shi kwangila, kada a cika bango da hoton manya, kada kuma alƙalan gasa su fifita labarin da yaron kirki ke tsintar jakar kuɗi ya wayi gari a gidan bene. Yaranmu sun san ƙarya ce. A nemo marubuta cikin malamai da matasan da suka taso a sansani, kuma kafin a kai maɗaba'a a karanta wa yara a ji ta bakinsu. In ana neman ajin gwaji, nawa a buɗe yake kowace Alhamis bayan tara.

Allah ya ja zamaninka.

Naka,
Wani malamin firamare, Maiduguri