Wasiƙa daga Kolumbus a kan karatun Nura

Kolumbus, Jihar Ohayo,
Amurka.

Zuwa ga aminina Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da maiɗakinka da yara. Yaya Katsina, yaya fama da jama'a? Mu nan alhamdu lillahi, sai sanyi da ya sa mu gaba.

Saƙonka ya iso, na kuma ga maganar ƙanenka Nura, cewa ya ƙwallafa rai sai ya zo ya koyi aikin motar agajin gaggawa irin wanda nake yi. Wallahi na ji daɗi. Amma tunda kai za ka ɗauki nauyi, gara ka ji yadda abin yake tun kafin ka sa filin nan naka a kasuwa. Nura kansa na ja, karatun ba zai gagare shi ba. Dokokin makarantar nake jiye masa, don a abin da idona ya gani, sun fi jarrabawa korar ɗalibai.

Aikin hawa-hawa ne. Yawanci ana farawa da matakin da ake kira EMT, kwas na awa 150 ko fiye kaɗan, wanda ake gamawa cikin 'yan watanni. A nan zai koyi tsayar da jini, ɗaure karaya, ba da iskar oksijin, da danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya. Sai ya riƙe wannan takarda sannan za a saurare shi a karatun faramedik, wanda ya haura awa 1,000, yana cin shekara ɗaya zuwa biyu. Faramedik ne ke sa ƙarin ruwa, ya yi allurar magunguna masu ƙarfi, ya karanta awon bugun zuciya, ya zura bututun numfashi a maƙogwaro, duk a ƙarƙashin ikon wani likita da ke kula da aikinsu.

Kafin a ɗauke shi za a nemi takardar gama sakandare (tasa ta WAEC sai an tantance ta a nan), da katin koyon farfaɗo da zuciya, da shaidar rigakafin ciwon hanta da ƙyanda da sauransu, da gwajin tarin fuka. Za a binciki ko yana da tarihin laifi, a kuma auna fitsarinsa. Mutanen Ohayo sun jefa ƙuri'ar halatta wiwi a 2023, amma wannan bai hana asibiti ta ƙi karɓar ɗalibin da aka samu da ita a jiki ba. Ba zargin Nura nake ba, labari nake ba ka. Akwai kuma ƙarfin jiki: makarantu da yawa sun rubuta cewa ɗalibi ya iya ɗaga nauyin da ya kai kilo 57. Maganar biza kuwa, gajeren kwas na yamma ba ya kawo ta. Sai dai ya nemi kwalejin da ke da izinin ɗaukar ɗaliban waje, ya shiga cikakken karatu na shekara biyu.

To, ga inda gizo ke saƙa. A gida wanda ya ci 50 ya haye, har a yi masa barka. A nan makarantu da yawa 75 ko 80 cikin 100 suke nema, kuma a kowane ɓangare, ba wai a tara a raba ba. Da fari na ɗauka tsanani ne kawai, sai da muka shiga lissafin magani. Ana auna maganin yaro ne da nauyinsa a kilo, alhali uwar da fam, ma'aunin nauyi na Amurka, za ta faɗa maka nauyin, kai kuma kana cikin mota tana gudu. Ɗigo ɗaya ya goce a lissafi, ka ba shi ninki goma. Wanda ya san rabin wannan bai san komai ba. Satar amsa kuma ba a yin kashedi a kanta, sallama ce.

Sai zuwa a kan lokaci, kuma a nan nake so ka zaunar da shi, don ni da kai mun san halin mutumin. Awannin nan ƙirga su ake yi, hukumar jiha ce ta gindaya su, malami ba shi da ikon yafe maka. Ka yi fashi ya wuce ƙa'ida, ko da hujja, sai ka rama ko ka sake kwas ɗin daga farko. Ranar aiki a asibiti ko a mota ta fi tsanani. Sau da yawa awa 12 ce, kuma motar ba ta jiran ɗalibi. In kira ya shigo ka tarar sun tafi, ranar ta faɗi. Babu wani kawu da za a tura ya ba da haƙuri.

Ka ce yana tambayar addini. Ba wanda zai hana shi salla, amma shi zai tsara abinsa tun farkon zango: ya je ofis, ya nemi a rubuce kada a sa shi aiki lokacin Juma'a. In ya bari sai ranar ya sulale, fashi za a rubuta masa. Azumi ana yi, ni ma ina yi, sai dai wani lokaci a bakin ƙofar asibiti za ka sha ruwa da dabino daga aljihu. Gemu ne abin dubawa. Ana gwada wa kowa takunkumin N95 a ga ya kama fuska ba ya yoyo, gashi kuma yana hana shi kamawa. Akwai wata na'ura mai hular rufe kai da ke hura tatacciyar iska, wadda mai gemu zai iya sawa, amma ba ko'ina ake da ita ba. Ya tambaya kafin ya biya kuɗin makaranta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hali ma maki gare shi. Bayan ilimi da aikin hannu, akwai fom na uku da ake cikewa a kanka: gaskiya, tsafta, yadda kake magana da mara lafiya, yadda kake karɓar gyara. Mutum zai iya cinye jarrabawa ya faɗi a wannan. Babbar fitinar ita ce waya. Tun 1996 suke da dokar sirrin mara lafiya mai suna HIPAA, ɗalibin da ya ɗauki hoton wanda ya yi hatsari ko ya ba da labarinsa a Facebook ya gama karatu ke nan. Ka tuna yadda ake yi a hanyar Kano in mota ta kife, kafin a ciro mutum hotonsa ya zaga WhatsApp, wani lokaci a nan iyalinsa za su fara gani. A wannan kam ina tare da su ɗari bisa ɗari. Wanda ka je ɗauka bai zaɓe ka ba, ka same shi a ranar da ta fi kowace muni a wurinsa, wataƙila ma ba sutura a jikinsa.

Tsananin yana da asali. Har zuwa 1966, lokacin da wani rahoton masana kimiyya ya tona asirin lamarin, a garuruwa da yawa masu sana'ar jana'iza ne ke ɗaukar majinyata a motar gawa, ba horo ba komai. A 1967 aka kafa ƙungiyar motar agajin gaggawa mai suna Freedom House a birnin Fitsbag, inda Dokta Peter Safar ya horar da baƙaƙen fata na wata unguwar talakawa, suka zama cikin faramedik na farko a ƙasar. A 1970 aka kafa hukumar NREMT mai shirya jarrabawar ƙasa, ofishinta ma a nan Kolumbus yake.

Jarrabawar a kwamfuta ake yi, kuma tana bin ƙoƙarinka: ka amsa daidai ta ƙara wuya. Wanda ya faɗi sau uku sai ya koma ƙarin horo, iyakarsa sau shida. Abu ɗaya kada ku yi sake da shi: tun 2013 ba a barin ɗalibin faramedik ya zauna ta sai makarantarsa na ƙarƙashin tantancewar CAAHEP, hukumar da ke tantance kwasa-kwasan aikin lafiya. Duk makarantar da wani ejan ya kawo muku, ku turo mini sunanta in duba.

Shawarata, kafin a kashe ko sisi, Nura ya shiga ƙungiyar Red Cross a can Katsina ya koyi taimakon farko, ya ga jini da idonsa, ya riƙa fita aiki a kan lokaci na wasu watanni. Ya kuma bincika shirin NEMSAS na agajin gaggawa da motocin ɗaukar marasa lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a Abuja a 2022, ko akwai ƙofa ta nan. In bayan haka yana nan a kan bakansa, ya aiko mini da hoton sakamakonsa na WAEC da katin rigakafinsa, mu fara neman kwaleji.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida maiɗakin, ka shafa mini kan yara. In an samu mai zuwa, kada ka manta da kilishin da ka yi alkawari, kodayake kwastan ɗinsu ba sa barin nama ya shigo, don haka gara yaji da kuka.

Wassalam.

Naka,
Kabiru