Godiya ga Ofishin Direbobin Tasharmu, Masu Kai Majinyatanmu Shika

Zuwa ga Shugaba, Sakatare, direbobi da 'yan kamasho na layin Zariya a tashar motar garinmu.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, ina yi muku sannu da hanya.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Ni ba ni da wani tukwici da zan iya miƙa muku wanda zai kai rabin abin da kuka yi mana, shi ya sa na ga ya dace in rubuta wannan takarda a fili, kowa ya karanta, ya san irin mutanen da ke zaune a wannan ƙaramin ofishi na bakin tasha.

Wasunku sun san abin da ya shigar da ni wannan aiki. Yayata ce ta rasu da sankarar mama. Wata da watanni tana ɓoye ƙullutun, ana ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, ana ce mata daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Ranar da muka kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma ciwon ya riga ya ci jiki. Bayan sadakar arba'in muka zauna a ƙofar gidan Mai Unguwa, aka kawo shawarar a kafa gidauniya domin masu irin wannan lalura. Kowa ya ce madalla. Da aka zo kan wanda zai shugabanta sai wuri ya yi tsit, domin kowa ya san kuɗin jama'a wuta ne, wanda ya riƙe shi ba ya rasa tabo. Na tuna daren da Yaya ta kwana tana riƙe da hannuna, na ce ni zan yi.

Mun ƙaddamar da gidauniyar ranar 4 ga Fabrairu, wadda ita ce Ranar Yaƙi da Cutar Daji ta Duniya. Muka bi masallatai bayan sallar Juma'a, muka shiga kasuwa rumfa-rumfa, mata kuma suka ɗauki nasu ɓangaren a makarantun Islamiyya da wajen adashi. A wajen ƙaddamarwar wani ma'aikacin lafiya ya shaida mana cewa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna sama da mutum 120,000 ne ke kamuwa da daji a Najeriya a shekara guda, kuma sankarar mama ce kan gaba a tsakanin mata, sai ta bakin mahaifa. A lokacin duk tunanina yana kan kuɗin magani da na gwaji. Ban kawo hanya a lissafi ba ko kaɗan.

Wata baiwar Allah ce ta buɗe mini ido. Mun biya mata kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, wanda galibi ake ƙara wa mutum ta jijiya duk bayan mako uku. Ta je sau uku, sai muka ji shiru. Da matata ta shiga gidan, sai da ta yi ta lallashi kafin ta faɗa mata gaskiya: kuɗin mota ne babu, kuma kunya ta hana ta sake roƙon mutanen da suka riga suka saya mata magani. Mai wannan ciwo ba ya tafiya shi kaɗai, dole sai da mai jinya, wato kujera biyu zuwa, biyu dawowa. Idan aka zo kan gashi kuwa, wato ƙona ciwon da hasken na'ura a asibiti, abin ya fi haka nauyi, domin kullum ake yin sa, Litinin zuwa Juma'a, har tsawon makonni. Ku kun fi kowa sanin yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Maganin da aka katse a tsakiya kuwa, ciwo yake ba wa damar sake miƙewa.

Ranar da na zo ofishinku, abin da na zo nema kaɗan ne: izinin ajiye akwatin taimako a bakin tasha. Ranka ya daɗe Shugaba, ka saurare ni har na gama, sannan ka tambaye ni ina ake kai su. Na ce Shika. Ka ce ai motocinmu kullum ta bakin ƙofar asibitin suke wucewa, da an bar Giwa, tun kafin a kai Samaru. Nan take ka aika aka kira Sakatare da dattawan layi. Ban bar ofishin ba sai da kuka yanke cewa duk majinyacin da ya zo da katin kwamitinmu, gidan gaba nasa ne kyauta, mai jinya ya biya rabi, kuma 'yan kamasho sun yafe nasu kason a kan kujerun biyu. Na san abin da kujerar gaba take nufi ga direban da zai sayi mai, ya kai wa mai mota balas, ya kuma kai cefane gida. Daga bakin 'ya'yanku kuka cire wannan.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba a rubuta shi a wata yarjejeniya ba. Majinyata ne suke dawowa suna ba mu labari. Direba ya rage gudu a kan gargada saboda mai ɗinki a ƙirji. Wani ya tsaya a gefen titi ba sau ɗaya ba ga wadda amai ya taso wa bayan kimo, fasinjoji suna ƙorafi, ya ba su haƙuri ya ce ku ɗauka uwarku ce. Wani kuma ya mayar da ajiye leda da ruwa a aljihun mota al'adarsa. Akwai ƙanena direba, matashi, wanda ya sauke fasinjojinsa a Zariya, ya yi lodi, ya biyo ta Shika ya tarar ba a sallami majinyaciyarmu ba, ya roƙi mutanen motarsa suka jira ta. Kuma a duk tsawon wannan lokaci ban taɓa jin sunan wata majinyaciya ya fita a bakin tasha ba. A garin da har yanzu ake ɓoye wannan ciwo kamar abin kunya, wannan rufin asiri ya sa mata da yawa suka yarda suka karɓi katin.

Malam Sakatare, kai kuma ka sauke mini nauyin da ya fi hana ni barci. Kai ka ce a sa wa akwatin kwaɗo biyu, makulli ɗaya a wajenka, ɗaya a wajen ma'ajinmu, kada a buɗe sai ranar Juma'a bayan la'asar a gaban shaidu. Kai kake rubuta abin da aka samu a littafi, a liƙa kwafinsa a bangon ofis. Da mutane suka ga lissafi a fili, hannunsu ya saki. Har masu turin baro da masu sayar da rake suna jefa abin da ya sawwaƙa.

Na gode kuma da kuka bar mu muka liƙa takardun faɗakarwa a tasha. Na ji da kunnena wani dattijon direba yana gaya wa fasinja cewa ba kowane ƙullutu ne daji ba, amma gwajin asibiti ne kaɗai zai bambance, kada a tsaya jira. Na kuma ji ɗan kamasho yana tambayar ma'aikaciyar lafiya game da rigakafin sankarar bakin mahaifa da gwamnati ta fara yi kyauta a watan Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, saboda yana da 'ya'ya mata biyu.

Ba duk waɗanda kuka ɗauka ne suka warke ba. Ɗaya ta rasu da damina, kuma direban da ya saba kai ta ya ajiye motarsa, ya bar layinsa ya wuce, ya zo aka yi jana'iza da shi. Ita kuwa baiwar Allah da ta katse magani saboda kuɗin mota, ta koma, ta gama kimo, ta gama gashi. Ita ce ta aiko muku da ƙwaryar furar nan ranar kasuwa, ta ce kada a faɗi daga inda ta fito. Na nemi izininta kafin in rubuta wannan.

Katunan wata mai zuwa suna hannuna, zan kawo su ofis ranar Juma'a idan Allah ya kai mu. Akwai sababbin majinyata biyu, ɗaya dattijo ne da ba ya iya zama da daɗewa, zan so mu yi shawara a kan motar asuba.

Allah ya kiyaye muku hanya, ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin dare, ya sa albarka a sana'arku da iyalanku, ya jiƙan iyayenku. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Naku a kullum,
Shugaban kwamitin gidauniyar unguwa